Babi na Biyar: Tarihi da Fasahar Sabunta Tsohuwar Tufa

Gabatarwa

Sabunta tufa, a ma'anar da wannan babi ya ɗauka, ita ce a ɗauki riga ko zanen da ya riga ya yi aiki a jikin wani, a farke ɗinkinsa, a yanke inda ya mutu, sannan a fitar da wata sutura daban daga abin da ya saura, wadda mutum zai saka ya shiga jama'a ba tare da jin kunya ba. Wannan aiki ya bambanta da gyara, wato yin maho a inda ya yage ko mayar da maɓallin da ya tsinke, domin gyara yakan bar tufa a siffarta ta asali, ita kuwa sabuntawa sauya siffar take yi ɗungurungum. Ya kuma bambanta da niƙe tsummoki a inji a mayar da su zare, ko da yake hanyoyin nan uku sun sarƙe da juna a tarihi har ba a iya ba da labarin ɗaya a bar sauran. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sanin darajar wahalar da ke cikin yadi ne ya haifi wannan sana'a, shi ya sa mai hali da marar hali duk suka riƙe ta a ƙarnonin da suka shuɗe, kuma rayuwarta a yau ta rataya ne a kan abubuwa uku: ingancin yadi, salon yanka, da gwanintar hannun maɗinki.

Zamanin da yadi yake dukiya

Kafin injinan kaɗi da saƙa su bayyana a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, babu wani ƙyalle a duniya da bai bi ta hannun mutane da yawa ba. A ƙasar Hausa, sai manomi ya shuka auduga ya tsince ta, mata su gurje ta su raba ta da angurya, su shiɓe ta, su zauna da mazari suna kaɗi na tsawon makonni kafin a tara zaren da zai ishi masaƙi guda, shi kuma ya saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, wato siraran saƙa masu faɗin 'yan yatsu, sannan maɗinki ya harhaɗa su gefe da gefe, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buge har ta yi ƙyalli. Rigar da ta ratso duk waɗannan hannuwa kadara ce da ake ajiyewa, a yi kyauta da ita, a bayar da ita jingina, a kuma raba ta a cikin gado.

Baturen Jamus mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya tarar da cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma ana kai tufafin Kano har Timbuktu da Tarabulus. A Borno kuwa, siraran saƙar auduga da ake kira gabaga sun daɗe suna aiki a matsayin kuɗin ciniki a kasuwa. A Turai ma haka abin yake, domin wasiyyoyin ƙarni na 16 da na 17 cike suke da sunayen riguna da mayafai da mamaci ya ce a ba wane da wance, sannan da yawa daga cikin rigunan siliki na matan attajirai na ƙarni na 18 da ke gidajen tarihi a yau suna ɗauke da sawun allura na tsohon ɗinki, abin da ke nuna an farke su an sake ɗinka su sau ɗaya ko fiye domin su dace da yayin da ya shigo. Telolin Turai sun kuma shahara da juya kwat, wato su farke ta gaba ɗaya, su mayar da cikin ulun da rana ba ta taɓa ba ya koma waje, su sake haɗa ta kamar yau aka yanko yadin. Abin da ya gagari allura ba a zubar da shi, masu tara tsumma suke saye su kai masana'antar takarda, domin kafin tsakiyar ƙarni na 19 da tsummokin lilin da auduga ake yin mafi yawan takardar Turai.

Salon yanka da ke ba tufa damar sake rayuwa

Al'ummomin da suka fi nisa a wannan fanni suna da wata ɗabi'a guda, wato ƙyamar yanka yadi a karkace. Babbar rigar Japan da ake kira kimono misali ce bayyananniya, domin daga bandir guda mai faɗin kimanin santimita 36 zuwa 38 da tsawon kusan mita 12 ake fitar da ita, a yanka shi gida takwas a miƙe, ba tare da zubar da komai ba, inda ya yi yawa a naɗe shi a cikin ɗinki. Idan rigar ta yi datti sosai, sai a farke ta duka, a wanke yankunan, a shanya su a miƙe, sannan a sake haɗawa, a kuma yi amfani da wannan dama a sauya mazaunin yankunan, wanda ya ci jiki a gwiwa ya koma inda ɗamara za ta rufe shi.

A arewacin tsibirin Honshu na Japan, musamman yankin Aomori, sanyi bai bar auduga ta yi ba, saboda haka manoman zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, suka dogara da zaren wani tsiro mai kama da rama, wanda ba ya riƙe ɗumi. Jiragen ruwan fatauci da ke bin gaɓar tekun yamma suna kawo musu tsofaffin ƙyallayen auduga daga kudu, su kuma matan gida su shimfiɗa ƙyalle bisa ƙyalle, su bi shi da ɗinki ƙanana a jere da ake kira sashiko, har riga ɗaya ta yi kauri ta ratsa kaka da uwa da jika. Irin waɗannan tufafi, waɗanda yawancinsu rinin shuni ne, su ake kira boro. Ƙyallen da ya ruɓe har ba ya karɓar allura sai a tsattsage shi sirara a saƙa shi a masaƙa, a sami wani yadi mai kauri na rigar aiki. Jikokin masu wannan ɗinki sun daɗe suna ɓoye shi don suna ganinsa tabon talauci, har sai da masu bincike irin su Chuzaburo Tanaka suka bi ƙauyuka suka tattara shi, yau ga shi ana baje kolinsa a manyan gidajen tarihi.

A ƙasar Bengal, wadda ta rabu tsakanin Bangladash da gabashin Indiya, zanen mata da ake kira sari da na maza da ake kira doti ba a yanka su ko kaɗan, ɗaura su ake yi, don haka idan sun tsufa suna nan da faɗinsu, sun kuma yi laushi saboda yawan wanki. Mace takan shimfiɗa irin waɗannan zannuwa kamar biyar ko shida a ƙasa, ta danne kusurwoyinsu, ta zare zaren launi daga bakin wani tsohon sari, ta yi ta bin shimfiɗar da ɗinki layi-layi har ta zama abu ɗaya mai ɗan kwarmi-kwarmi, wanda ake kira kanta. Daga ciki ake samun mayafin sanyi da abin naɗe jariri da kyautar amarya, a zamanin nan kuma har da riguna da gyale.

Maho a matsayin alamar gudun duniya

Addini ma ya ba tsohuwar tufa matsayi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa, kuma littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, da saka riga mai maho alhali yana mulkin daula mai faɗi. Daga nan sufaye suka riƙi muraƙƙa'a, wato rigar da aka harhaɗa da ƙyallaye, a matsayin shaidar cewa mai ita ya juya wa ƙawar duniya baya. A Sudan, mabiyan Muhammad Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadi a 1881, sun fara ne da jibba mai maho na gaske, amma a zamanin magajinsa Halifa Abdullahi sai ta koma rigar mayaƙa da ake ɗinkawa da sabon yadi, a jera mata ƙyallaye masu launi daidai wa daida a gaba da baya. A Senegal, almajiran Shehu Ibra Fall na ɗariƙar Muridiyya, waɗanda ake kira Bay Fall, har gobe ana gane su da rigunansu na haɗe-haɗen ƙyallaye. Tun kafin wannan duka, sufayen addinin Buda na farko a Indiya sun kasance suna tsintar tsummokin da aka yar, su wanke, su rina, su haɗa mayafinsu. Darasin da ke cikin misalin Sudan shi ne, abin da larura ta fara sau da yawa yakan rikiɗa ya zama ado, har a riƙa kwaikwayonsa da sabon yadi.

Warware zare da niƙe tsumma

Akwai kuma waɗanda suka wuce matakin ƙyalle suka koma kan zaren kansa. Wani ma'aikacin kamfanin ciniki na Denmark mai suna Ludewig Rømer ya rubuta a ƙarni na 18 cewa masaƙan Sarkin Asante Opoku Ware suna sayen yadin siliki daga Turawa, su warware shi zare-zare, su saƙa nasu zanen da shi, wanda shi ne tushen kente na siliki da ƙasar Ghana take alfahari da shi. Alharinin da ya shahara a ƙasar Hausa da Nufe a ƙarni na 19 ma asalinsa ragowar siliki ne na masaƙun Faransa da Italiya, wanda ake rinawa ja, ayari ya ratso da shi Sahara, mata su sake kaɗa shi, a saƙa barage da shi ko a yi wa manyan riguna shafi. Ke nan abin da ya zama shara a wata nahiya shi ya zama kayan sarauta a wata.

A shekarar 1813, wani mutumin garin Batley da ke yankin Yorkshire a Ingila, Benjamin Law, ya ƙirƙiro hanyar yage tsofaffin tufafin ulu da wani inji mai haƙoran ƙarfe har su koma kamar auduga, sannan a gauraya su da sabon ulu a sake kaɗawa. Yadin da ake samu ta haka shi ake kira shodi, kuma cikin 'yan shekaru Batley da maƙwabciyarta Dewsbury suka zama matattarar tsummokin Turai. Sai dai zaren da aka yage gajere ne, ƙarfinsa bai kai na sabo ba, don haka ingancin yadin ya dogara ne da amanar mai gaurayawa. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wasu 'yan kwangila sun cika shodi a kakin sojoji har rigunan suka riƙa zagwanyewa idan ruwan sama ya dake su, abin da ya ɓata sunan wannan yadi na tsawon zamani. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin garin Prato na Italiya ya gina arzikinsa a kanta tun ƙarni na 19, inda ƙwararru ke ware tsumma bisa launi da taɓawar hannu don a sami zare mai launi ba tare da sabon rini ba, haka kuma garin Panipat na Indiya ya shahara da mayar da tsofaffin rigunan sanyi barguna masu araha, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke rabawa idan bala'i ya auku.

Matsin tattalin arziki da yaƙi

Yaɗuwar keken ɗinki bayan 1851, shekarar da Isaac Singer ya sami rajistar nasa, ta sa sabunta tufa a gida ya yi sauƙi, amma masaƙun inji sun riƙa karya farashin yadi har buƙatar yin hakan ta fara ja da baya a ƙasashe masu arziki. Matsi ne ya riƙa dawo da ita. A shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki a Amurka, matan karkara sun koma ɗinka riguna da buhunan auduga na fulawa da abincin kaji, har kamfanoni suka lura suka fara buga wa buhunan zanen furanni domin jawo masu saye. A garin Gee's Bend na jihar Alabama, matan baƙaƙen fata, jikokin bayi, sun yi ta haɗa mayafan sanyi da tsofaffin wandunan aikin gona, waɗanda a yau ake lissafa su cikin fitattun ayyukan fasaha na ƙasar.

A Birtaniya gwamnati ce da kanta ta shiga maganar. A watan Yuni na 1941 aka ƙayyade sayen tufafi, aka ba kowane mutum tikiti 66 na shekara guda, adadin da ya riƙa raguwa daga baya, kuma ba a janye dokar ba sai a 1949. A 1943 Hukumar Ciniki ta fitar da wani ɗan littafi da ke koya wa mata yadda za su lallaɓa abin da suke da shi, aka buɗe azuzuwan ɗinki a unguwanni, mata suka riƙa mayar da kwat ɗin mazajensu da ke fagen daga ta zama tasu, suna warware tsofaffin rigunan sanyi su sake saƙa wa yara, wasu amare kuma suka yi rigar aure da yadin laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi.

Yadda ake yi a ƙasar Hausa

Tufa a gidan Bahaushe tana da matakai da take bi kafin ta kai bola. Na farko shi ne kwance, wato kayan da mai su ya gama yayinsu ya ba ƙani ko ɗan'uwa ko mabuƙaci, ko kuma uwargida ta ba dillaliya ta zaga da su gidaje ta sayar. Zanen atamfa ya fi komai saurin samun sabon aiki, domin daga turmi mai yadi shida, yadi biyun da aka ware na ɗaurawa kalmasa kawai ake yi musu, ba sa haɗuwa da almakashi, saboda haka idan tsakiyar zanen ta koɗe wurin zama, gefunansa suna nan da ƙarfinsu, a fitar wa yarinya riga da siket, ko a mayar da shi zanen goyo. Bayan nan ne zai gangara ya zama gammo, ko lagwanin a-ci-bal-bal, ko cikon matashin kai, ko tsumman goge ɗaki, ko ƙwallon da yara ke bugawa a lungu.

Aikin tela a kan babbar riga ya cancanci a dube shi da kyau. Cikakken ɗinki na babbar riga da 'yar ciki da wando yakan ci kimanin yadi goma, kuma ba ko'ina ne yake tsufa tare ba: wuya yana cin gumi, kafaɗa tana cin ninki saboda yawan saɓa hannun riga, bakin ƙasa yana shan ƙura, amma faffaɗan jikin da ke zubowa gefe da gefe sau da yawa yana nan garau. Tela mai hankali yakan fara ɗaga rigar ya duba ta a hasken rana, domin inda zare ya sirance haske yana ratsawa, sai ya zagaye wurin da alli. Daga nan ya bi ɗinkin da reza a hankali don kada ya ci yadin, ya cire guntayen zare, a wanke, a goge har sawun tsohon ninki ya kwanta, sannan ya shimfiɗa a tebur ya yi awo, yana bin tsawon zare kamar yadda aka saƙa shi, domin duk yankin da aka yanka a karkace zai murɗe bayan wankin farko. Ta haka rigar mahaifi takan haifi kaftani biyu na yara, ragowar kuma ta shiga aljihu da shafin wuya. Idan rigar tana da aikin hannu mai tsada, irin su aska takwas da aka yi watanni ana ɗinkawa, akan yanko aikin da ɗan gefensa a ɗora shi a kan sabon yadi.

Marini shi ne abokin aikin tela a wannan fage. Farar shaddar da ta yi ja saboda wanki, ko mai launin da rana ta cinye, akan kai ta marina, ko ta gargajiya irin ta Ƙofar Mata a Kano, inda ake haɗa baba da toka a cikin rijiyar rini, ko ta zamani da ake dafa launi a cikin ganga, sana'ar da mata da yawa suke ci da ita. Ƙa'idar ita ce daga haske ake tafiya zuwa duhu, fari ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, shuɗi ya koma baƙi, kuma yadin auduga yana shan rini yadda ya kamata. Bayan an shanya sai a sa sitaci ko ƙaro, a kai wa mabuga su ninke ta bisa gungume su yi ta bugu da tabarya har ta yi santsi da ƙyalli, mai ita ya saka ta ranar Juma'a. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma telan da ya taɓa aiki da shaddar da aka saya shekaru ashirin da suka wuce ya san abin da ake nufi.

Zamanin gwanjo da ɗibar-karan-mahaukaciya

Halin da ake ciki a yau kishiyar na da ne, domin matsalar ta tashi daga ƙarancin yadi ta koma yawansa. Wani rahoto da Gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, kuma abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga kayan da aka yar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya yanzu na roba ne da ake kira foliyesta, wanda ake samu daga man fetur, kuma idan an gauraya shi da auduga raba su yana da wuya da tsada. Irin wannan yadi ba ya shan rinin marina, ba ya jure farkewa, sannan an yanka shi ƙanana a lanƙwashe yadda babu wani faffaɗan yanki da tela zai kama.

Rarar waɗannan kaya ita ce take zuwa Afirka a matsayin gwanjo, a ɗaure cikin dila mai nauyin kilo 45 zuwa 55, wadda ɗan kasuwa yake biya kafin ya san abin da ke cikinta. Duk da cewa dokar Najeriya ta daɗe da haramta shigo da shi, yana shigowa ta tasoshin Kwatano da Lome, ya cika kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna, a daidai lokacin da masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a 1957, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da fasa-ƙwauri da arahar kayan Asiya. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara, su toshe magudanai su kwanta a bakin teku. Sai dai a cikin wannan kasuwa, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025, akwai dubban teloli da masu rini da masu guga da ke ceto abin da zai cetu, su rage babbar riga ta zama ta yaro, su haɗa wanduna biyu su fitar da ɗaya, su mayar da zanen gado gajerun wanduna. Ruwanda ta zaɓi wata hanyar, ta ɗaga harajin gwanjo a 2016 domin kare masana'antunta, Amurka kuma ta mayar da martani a 2018 da dakatar da rangwamen da take yi wa tufafin ƙasar.

Masu tsara tufafi na zamani sun fara karkata ga abin da waɗannan teloli suka daɗe suna yi. Lamine Kouyaté, ɗan asalin Mali, ya yi suna a Paris a farkon shekarun 1990 da rigunan da yake haɗawa daga gwanjo, yana barin ɗinkin jan zare a bayyane. A Najeriya, Nkwo Onwuka ta ƙirƙiro yadin da ta kira Dakala daga ragowar yadin jins, a Yuganda kuma Bobby Kolade yana sake ɗinka gwanjo ya sayar da shi ga ƙasashen da ya fito. A 2023 gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da shirin tallafin yuro 6 zuwa 25 ga wanda ya kai tufarsa ko takalminsa gyara, wato ƙasar da teloli masu gyara suka yi ƙaranci a cikinta ta koma biyan kuɗi domin ta farfaɗo da su.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, tufa tana samun rayuwa ta biyu ne idan an yi ta farkon da gaskiya, wato yadin ya kasance mai ƙwari, an yanka shi da tattali, kuma akwai hannun da ya san yadda zai farke ya sake haɗawa. Ƙasar Hausa tana da sa'ar cewa har yanzu akwai tela a kusan kowace unguwa, akwai marini da mabugi da dillaliya, kuma suturar da jama'a suka fi so, wato zani da kaftani da babbar riga, a miƙe ake yanka ta. Abin da ke barazana ga wannan gado shi ne raina aikin, inda tela yake ganin ɗinkin tsoho ɓata lokaci ne saboda mai kaya ba ya son biyan ladan da ya dace, alhali farkewa da sake haɗawa sun fi yanka sabon yadi wahala. Wajibi ne cibiyoyin koyon sana'a su sanya sabunta tufa cikin darussansu a matsayin fanni mai zaman kansa, masu saye su fifita yadi ɗaya mai inganci a kan uku marasa ƙwari, kuma duk wanda ya kai wa tela tsohuwar riga ya biya shi gwargwadon wahalarsa. Addini ya hana almubazzaranci, al'ada ta tanadi hanyar kauce masa, saura kawai al'umma ta riƙe masu wannan sana'a da mutunci domin 'ya'yansu su yarda su gaje ta.